Shekarar da Na Amsa Sunan Sale

Ku 'ya'yana, na daɗe da sanin maganar da kuke yi a tsakaninku, wai Gwaggonku Hajara ce ta hana ni tafiya Turai, shi ya sa na yi ritaya ban zama farfesa ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska, amma ina ganin irin gaisuwar da kuke yi mata a tsaitsaye ranar Sallah, ina kuma jin yadda ɗaki ke yin tsit in an ambaci sunanta. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa 'ya'yan mutane kada su yanke hukunci sai hujja ta cika, ga nawa 'ya'yan sun yanke wa ƙanwata hukunci da rabin labari. Laifina ne, don ni na riƙe ɗaya rabin. Yau zan ba ku shi, tun ina iya riƙe biro.

Abin da na karanta, na kuma koyar a sashen lissafi na jami'a, shi ne manɗiƙi. Ilmi ne na auna magana: in ka yarda da wannan, ka kuma yarda da wancan, to me ya zama dole ka yarda da shi? A lissafi akwai wata hanya ta kafa hujja, inda za ka ƙaddara abin da kake son tabbatarwa ƙarya ne, ka bi wannan ƙaddarawar har ta kai ka ga shirme, sai ka ce ashe abin gaskiya ne. Ni wannan hanyar ba ta taɓa kwanta mini ba. Ina so in gano, a cikin wani rukuni na matsaloli, waɗanne ne za a iya nuna gaskiyarsu kai tsaye, a ɗora mutum a hanya ya taka da ƙafarsa har ya isa. Shekara shida na yi ina kan wannan tambaya, ina son ta kamar raina. Sai dai aikin ya bi ni har gida. In Mamanku ta dawo daga cefane ta ce duk 'yan kasuwa ba su da gaskiya, sai in tambaye ta ko har da mahaifinta, tunda shi ma ɗan kasuwa ne.

"Malam," in ji ta, "ni hira nake yi, ba jarrabawa nake rubutawa ba."

A wannan shekarar da nake ba ku labari, wasiƙa ta zo mini daga wani dattijon farfesa a Turai. Ya karanta wata maƙala da na buga, ya ce tambayar da nake bi shi ma ita ta dame shi, in zo mu yi shekara biyu tare. Ana jirana bayan damina. Na karanta wasiƙar nan ya fi sau goma a tsaye a ofis. Ranar Juma'a na hau mota zuwa gida, can ƙasar Bebeji, in gaya wa kakanku.

Kun san gidan, amma ba nan aka haife ni ba. Garinmu na asali sunansa Kanyar Dutse, yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. Ina ɗan shekara goma sha uku aka tashe mu, Hajara kuwa ba ta wuce uku ba. Baba manomin dawa ne, da aka dawo da mu sabon wuri sai ya koyi noman rani, tumatir da albasa, ya ma taɓa kamun kifi yana da furfura. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ya binne Inna a sabon garin, ya ci gaba da rayuwarsa, Hajara da mijinta suna gidan da ke manne da namu suna kula da shi. To a wannan Juma'ar na same shi a ƙofar gida, ya sa hula, ya rataya buta, ga sanda a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin wasiƙa dalla-dalla. Ya saurara har na gama.

"To, Allah ya sa albarka," ya ce. "Tashi mu je gida. An bar dawa ba kowa, tsuntsaye za su gama da ita."

"Baba, ai nan ne gida."

"Nan gidan mutane ne. Mun daɗe, kada mu gundure su."

Hajara ta ja ni gefe ta ce wata biyu ke nan yana haka, ta ɓoye mini ne don kada hankalina ya tashi. Na kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Na ji likita da kunnena, amma a zuciyata na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Mutum ya riƙe magana ba daidai ba, aikina ke nan tun safe har yamma. Duk ƙarshen mako sai in zo, in zaunar da shi, in bi da shi daki-daki kamar yadda nake yi wa ɗalibai a gaban allo. Baba, kun tuna an yi dam? Ya ce ya tuna. Kun tuna motocin da suka kwashe mu? Ya ce ƙwarai, shi ya ɗora turmi da hannunsa. To in an yi dam, an kwashe mu, ruwa ya taru, ina Kanyar Dutse take? Sai in ga fuskarsa tana canzawa a hankali. Yakan ajiye sanda ya shige ɗaki, ranar ba zai ci abinci ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai in ji daɗi a raina cewa ya gane. Washegari da hantsi sai ga shi ya fito da hula da buta.

Da bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai na yanke shawarar in gama maganar gaba ɗaya. Tunda magana ba ta zauna masa, bari ido ya gani. Masuntan wajenmu har yau suna kiran wuraren kamun kifi da sunayen gidajen da ke ƙasa. Za ka ji mutum ya ce yau ya zuba taru a ƙofar Sarkin Aska, ko ya ce kifi ya taru a bayan masallaci, alhali ba abin da ke wurin sai ruwa. Na roƙi wani maƙwabcinmu masunci ya ɗauke mu a kwale-kwale. Baba ya shiga da murnarsa, don na ce masa gida za mu. Muka yi ta tafiya har muka isa inda kan wata busasshiyar bishiya ya leƙo daga ruwa. Mai tuƙi ya tsaya, bai kalli kowa ba, ya ce nan ce ƙofar gidanmu. Baba ya dubi bishiyar, ya dubi dutsen da ke gabas, ya dubi ruwan. Ya gane wurin sarai. Ya sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, ya yi ta lalube.

"Sale yana nan ƙasa," ya ce. "Mun bar Sale."

Sale ƙaninsa ne, ya rasu kafin a tashe mu, kabarinsa na can. A gabana, a gaban maƙwabci, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka da sauti kamar ranar aka yi rasuwar. Kwana biyu bai fito ba. A rana ta uku ya fito da hula da buta, ya ce in tashi mu je gida. Na buɗe baki zan fara, Baba kun tuna shekaranjiya, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Hajara ce. Ta ja ni har bayan rumbu. Ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba in muna magana, ranar ta kalle ni.

"Yaya, don girman Allah ka bari. Ruwa sau ɗaya ya ci garin nan. Kai kuwa duk sati sai ka zo ka sake nutsar masa da shi."

"To ƙarya kike so in yi masa?"

"Ni ban yi karatu ba, ban san abin da za ka ce masa ba. Na dai san in ka tafi ni ke bin shi da kwano yana ture shi."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Duk hujjar da na kafa wa Baba daidai take, ba inda malami zai sa mata jan biro, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne amfaninta gare shi ba. Na koma na same shi yana tsaye yana jirana. Ban san abin da zan ce ba, ba na kuma son in yi ƙarya, sai kawai na yi masa tambaya.

"Baba, in mun tashi daga nan, ta ina za mu bi?"

Fuskarsa ta saki. Ya zauna a kan tabarma, ya ɗora sanda a cinya, ya ce ai ta mashayar shanu za mu shiga, mu bar gonar Liman a hannun dama. Na ce to daga nan sai rijiya mai baki biyu. Ya ce a'a, ka manta da maƙera. Gaskiyarsa, na manta da maƙera. Haka muka bi garin gida-gida da baki, muna gaisawa da mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ya tsaya ya yi wa wani tsiya a kan jakinsa mai cizo, ya yi dariya har da tari. Kafin mu iso ƙofar gidanmu an kira azahar. Ya cire hula da kansa, ya yi alwala da butar da ya rataya, ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Daga ranar wannan ya zama aikinmu. Sai dai wani abu ya fito fili wanda ban yi tsammani ba: ba wanda zai iya yin tafiyar nan da shi sai ni. Hajara ta gwada, amma ita ba ta san garin ba, da ta ce wani abu ba daidai ba sai ransa ya ɓaci, ya miƙe ya nufi hanyar dam da gaske. Sau biyu ana dawo da shi daga bakin ruwa. Sa'o'insa da suka san Kanyar Dutse sun ƙare, waɗanda suka rage an kai su wasu garuruwan, wasu wajen Kiru, wasu Tudun Wada. Na zana wa Hajara taswira a takarda, ta haddace ta tsaf, amma Baba ba taswira yake nema ba. Yana son wanda in an ce gidan Sarkin Aska zai tuna warin sabulun salo da muryar matarsa. Na tattara lakcocina na mayar da su Litinin zuwa Laraba, sauran kwanakin ina gida. Ana cikin haka damina ta yi nisa, biza ta fito, Mamanku har ta sayo mini rigar sanyi a gwanjo.

A cikin wannan daminar ne wata safiya na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni da wani irin haske a ido.

"Sale, ina ka shiga haka? Tun jiya nake cigiyarka."

An sha gaya mini ina kama da Baffa Sale, kuma a lokacin shekaruna sun kai nasa sa'ad da ya rasu. Na tsaya da gaisuwa a bakina. Duk abin da na sani, duk abin da na koyar, yana ce mini in gyara masa. Na tuna hannunsa cikin ruwa yana lalube. Idan na ce ni ba Sale ba ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce ina Sale, kuma na san amsar.

"Ga ni, Yaya," na ce.

Har yau ban iya kafa wa kaina hujjar cewa abin da na yi ba ƙarya ba ne. Na nemi gafarar Allah a kai, ina kuma nema. Amma na amsa, na ci gaba da amsawa har ƙarshen ransa.

Yanzu ku saurari inda kuka yi kuskure. Da lokacin tafiya ya matso, Hajara ce ta zo ta same ni a gona, ta tsaya a bakin kunya.

"Yaya, ka tafi. Bai ma san kai ne ba. Zan kulle ƙofa in ta kama, zan sa a riƙa tsaronsa. Wannan abin kai ka wahala a kansa, kada ka bari ya wuce ka."

Ta faɗa sau uku a ranaku daban-daban, na ukun tana kuka. Mamanku kuwa da na tambaye ta, sai ta ninke rigar sanyin ta sa a ƙasan akwati.

"Kai ne mai auna magana, Malam. Ni dai abin da na gani, in ka dawo daga ƙauye kana cin abinci, in ka dawo daga ofis sai ka yi ta jujjuya cokali."

Na zauna na auna, kamar yadda na saba. Tambayata ta lissafi za ta jira, in ban amsa ta ba wani zai amsa. Baba kuwa in na tafi kulle shi za a yi a ɗaki, yana buga ƙofa yana neman hanyar gida, ba kuma wani a duniya da zai raka shi. Na rubuta wa dattijon farfesa na nemi a ɗaga mini shekara guda. Ya amsa da karamci, ya ɗaga. Shekara ta zagayo Baba na nan, ya ma ƙara buƙatata, sai na sake rubutawa na ce a ba wani. Ba wanda ya tilasta ni. Ba zan kuma yi muku ƙaryar cewa bai yi mini ciwo ba. Bayan wasu shekaru na buɗe wata mujallar bincike a laburare na ga wani matashi daga wata ƙasa ya warware tambayata, ta hanyar da na riga na taka fiye da rabinta. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, na karanta shi har ƙarshe, na rufe mujallar na daɗe a zaune ban iya tashi ba. Waɗanda na koyar sun zama farfesoshi, ni ina nan a babban lakcara har na ajiye alli. Wannan zaɓina ne. Gwaggonku ba ta da hannu a ciki sai na alheri, ku je ku durƙusa ku gaishe ta yadda ya kamata.

Saura abu ɗaya, wanda ko Mamanku ban taɓa gaya wa ba. Ni ɗan fari ne, Baba kuma mutumin da ne. A al'adarsu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun tasowata "kai" nake, ko "yaron nan". Da na ci jarrabawar shiga jami'a cewa ya yi to, ya ci gaba da gyaran fartanya. Na girma ban san ko abin da nake yi yana burge shi ba, ko kallon mai wasa da alli yake yi mini.

Wata ranar Alhamis da la'asar, bayan an yi girbi, 'yan kwanaki da aika wasiƙa ta biyu, muna zaune a ƙofar gida. Mun gama zagayen garinmu na ranar, yana cikin nishaɗi. Sai ya matso kusa da ni, ya dafa gwiwata.

"Sale, ka ji yaron nan ya tafi?"

"Wane yaro, Yaya?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tabbatar ba kowa. Ya rage murya kamar mai faɗar abin da bai kamata ba.

"Iliyasu."

Ina da shekara arba'in da wani abu a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin mahaifina. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Turawa ne suka aiko takarda musamman a kira shi," ya ce. "Ka ji fa, su da suka kawo bokon, su ne ke neman ya je ya duba musu. Ni ban san abin da yake yi ba, wai lissafi ne amma ba na ƙirga buhu ba. Tun yana ƙarami haka yake, ba ya barin magana sai ya ga ƙarshenta. In yana tambayar uwarsa abu sai in fita waje, don kada ya ga ina dariya."

"Kana jin daɗinsa ke nan, Yaya."

"Kai, Sale! Wa aka ba irinsa? Kai dai kada ka faɗa wa kowa na faɗa."

Ya murza kan sandarsa.

"Gara da ya tafi," ya ce. "Me zai zauna ya yi a nan, ya yi ta kallon tsoho? Kai ka iya rubutu, in za ka aika masa takarda ka ce na ce ya tsaya ya gama abin da ya kai shi. Kada ya dawo don ni. Ka ce masa ba ni kaɗai ba ne, kana nan."

Na share fuskata da hannun riga, na gyara masa hular da ta karkace.

"To, Yaya," na ce. "Zan gaya masa ina nan."